Fadar Potala: Gidan Da Aka Ƙarasa Ana Ɓoye Mutuwar Mai Shi

A shekarar 1682, Dalai Lama na Biyar, Ngawang Lobsang Gyatso, ya rasu a fadarsa da ke bisa Jan Dutse a birnin Lasa na ƙasar Tibet. Ba a yi shela ba, ba a yi zaman makoki ba. Wazirinsa Sangye Gyatso, wanda a lokacin bai cika shekara 30 ba, ya shaida wa jama'a cewa maigida ya shiga halwa mai tsawo, kada kowa ya dame shi. Kullum ana kai abinci ƙofar ɗakin, ana kuma jiyo ƙararrawar ibada daga ciki. Takardun mulki suna fita da hatiminsa yadda aka saba. Idan wani basaraken Mongol ya zo ya kafe sai ya yi ido biyu da shi, sai a ɗauko wani sufi mai kama da marigayin, a sa masa tufafinsa, a zaunar da shi a ɗaki mai duhu-duhu ya sa albarka. Haka aka yi ta yi kusan shekara 15. A cikin waɗannan shekarun ne aka ɗora jan ginin nan da ke tsakiyar Fadar Potala, wanda hotonsa ya karaɗe duniya, har yana bayan takardar kuɗin Sin ta yuwan 50.

Me zai sa waziri ya yi irin wannan kasada? Sai an koma baya shekara dubu, an duba dutsen da aka yi ginin a kansa, kafin a gane.

Lasa tana cikin wani kwari ne a kan tudun Tibet, kimanin mita 3,650 sama da teku, inda baƙo ke haki in ya taka matakala goma. A ƙarni na 7, sarki Songtsen Gampo, wanda gidansu ya fito daga kwarin Yarlung, ya haɗe ƙabilun tudun da ƙarfin takobi, ya mai da wannan kwari mazauninsa. Ƙarfinsa ya kai har sarkin daular Tang ta Sin ya ba shi auren gimbiya Wencheng a 641, labarin gargajiya kuma ya ce kafin ita ya auro gimbiya Bhrikuti daga Nepal. Kowace ta zo da mutum-mutumin Buddha cikin kayanta, kowanne aka gina masa ɗakin bauta. Ta haka aka sami Jokang da Ramoce. 'Yan Tibet suna ba da labari cewa inda Jokang yake a da tafki ne, sai da aka yi ta jido ƙasa a bayan awaki kafin a cike shi. Mutum-mutumin da Wencheng ta kawo, mai siffar Buddha yana ɗan shekara 12, wanda suke kira Jowo, daga baya aka mai da shi Jokang, kuma har gobe babu abin da ake girmamawa a faɗin Tibet kamarsa. A kewayen wannan ɗaki garin Lasa ya tsiro. Titin Barkor, wanda shi ne babbar kasuwar tsohon gari, asalinsa sawun masu kewaya Jokang ne.

Yamma kaɗan da Jokang akwai Jan Dutse, Marpo Ri a bakinsu, inda aka ce Songtsen Gampo ya gina wa kansa gida. Daular da ya kafa ta yi shekara 200 tana hana maƙwabta barci. A 763 sojojinta suka shiga Chang'an, babban birnin Tang, kuma ginshiƙin dutsen da aka rubuta labarin wannan nasara yana nan tsaye a gindin Potala. Amma a 842 aka kashe sarki Langdarma, daula ta wargaje, kowane kwari ya koma hannun mai ƙarfinsa. Gidan kan dutse ya zama kufai. Abin da ake dangantawa da zamaninsa a yau ɗakuna biyu ne kacal: wani ɗan kogo da aka ce nan sarkin yake keɓewa, da ƙaramin ɗakin bauta da ke samansa.

Sunan sarkin ne bai rushe ba. Da tafiya ta yi nisa, malaman Tibet suka ɗaga shi daga jarumin yaƙi zuwa wani matsayi daban. Suka ce shi bayyanar Cenrezig ne, wanda mabiya Buddha na can ke ɗauka a matsayin ma'abocin tausayi kuma majiɓincin ƙasarsu. A littattafansu, mazaunin Cenrezig wani dutse ne mai suna Potalaka. A riƙe wannan da kyau, domin duk ginin a kansa ya tsaya.

Lasa ta sake ɗagowa ne ta hannun wani malami, Tsongkhapa, mutumin Amdo ta arewa maso gabas. A 1409 ya kafa babban taron addu'a na sabuwar shekara, Monlam, a Jokang, a shekarar kuma ya kafa gidan sufaye na Ganden. Almajiransa suka kafa Drepung a 1416 da Sera a 1419, duka a bakin gari. Ɗariƙarsu, Gelug, wadda ake gane ta da rawayar hula, ta tsananta kan ladabin sufaye da karatun muhawara, ta tara almajirai dubbai. Cikin shugabanninta ne aka sami silsilar nan da suke cewa in ɗaya ya mutu yakan dawo a jikin wani jariri, sai a nemo yaron a rene shi ya gaji kujerar. Na uku a silsilar, Sonam Gyatso, ya gana da sarkin Mongol Altan Khan a 1578, a can ya samo laƙabin Dalai Lama. Na huɗu kuwa a zuriyar Altan Khan ɗin aka gano shi, kuma ba sai mutum ya yi dogon nazari ba kafin ya hango amfanin hakan.

Duk wannan lokaci Dalai Lama malami ne kawai, yana zaune a wani sashe na Drepung mai suna Ganden Podrang. Mulki yana hannun sarakunan Tsang da ke Shigatse, masu bin wata ɗariƙa dabam, waɗanda ba sa ga maciji da masu rawayar hula. Rikicin ya kai ga zubar da jini. Sonam Rabten, wanda ke riƙe da harkokin gidan Na Biyar, ya nemi agajin Gushri Khan, sarkin Mongol na Koshut. Shi kuma ya zo da dawakansa ya murƙushe sarkin Tsang, sannan a 1642, a Shigatse, ya danƙa ƙasar a hannun sufi ɗan shekara 25.

Mulkin da aka samu da takobin baƙo yana buƙatar saiwa. Drepung gidan ɗariƙa ɗaya ne. Wanda ke zaune a can shugaban Gelug ne, ko da kuwa ya kira kansa mai ƙasa. Wani malamin Na Biyar, Konchok Chopel, shi ya nuna masa Jan Dutse. Yana tsakanin Drepung da Sera da tsohon gari, yana kallon kwarin gaba ɗaya, ga kuma kufan Songtsen Gampo a kansa. Wanda ya zauna a nan, aka kuma yarda shi ma bayyanar Cenrezig ne, ya gaji tsohuwar daula ke nan ba tare da ya haɗa jini da sarakunanta ba. A 1645 aka sa harsashi. Shekara 3 ana ta da bango, kuma a 1649 Na Biyar ya tare tare da gwamnatinsa a sashen da ake kira Farar Fada. Gwamnatin ta riƙe tsohon sunanta na Ganden Podrang, gidan kuwa ya ɗauki sunan dutsen Cenrezig.

Aikin maginan abin a tsaya a duba ne. Ba su baje kan dutsen ba, jikinsa suka bi, har mai kallo daga ƙasa ba ya iya cewa ga inda dutse ya ƙare gini ya fara. Bangon na dutse ne da laka, kaurinsa a gindi ya kai mita 5, yana sirancewa yana kwantawa ciki gwargwadon hawansa. Wannan dabara tana taimaka masa in ƙasa ta girgiza, ita ce kuma ke ƙara masa tsawo a ido. Tagogin ƙasa 'yan tsaga ne, na sama manya, kowace an kewaye ta da baƙin fenti. Jar ɗamarar da ke saman bango ba dutse ba ce, ƙirare ne na wani ɗan itace da ake ɗaurewa dami-dami, a jera, a datse bakinsu, a rina. Suna rage wa bango nauyi, kuma a Tibet ta da ba kowa aka yarda ya sa su a gidansa ba, sai wuraren ibada da gidajen manya. Rufi da ƙasan ɗakuna kuwa da wata ƙasa ake yin su mai suna arga, wadda ma'aikata, yawancinsu mata, ke jeruwa sahu-sahu suna bugawa da sanduna masu faifan dutse a gindi, suna waƙa, ƙafa da hannu na tafiya tare. Duk wanda ya taɓa ganin mata suna daɓe a ƙasar Hausa ba zai ji baƙuntar abin ba. Dutse da katako a bayan mutane da dabbobi aka hau da su, kuma ba duka masu ɗaukar ne suka zo don neman lada ba, domin aikin tilas yana cikin harajin da talakan Tibet ke biya. Ramin da aka haƙi ƙasar gini a bayan dutsen ya cika da ruwa ya zama tafki, daga baya aka gina ɗan ɗakin bauta na Lukang a tsibirin tsakiyarsa.

A 1661 wasu limaman Katolika biyu, Johann Grueber da Albert d'Orville, suka ratsa ta Lasa a hanyarsu daga Bejin zuwa Indiya. Zanen da aka buga a Turai a 1667 daga abin da Grueber ya kawo ya nuna fadar tun ba a ɗora mata jan sashen ba.

Na Biyar ba ƙaramin mutum ba ne. Ya rubuta tarihin ƙasarsa, ya rubuta tarihin kansa, ya je Bejin ya gana da sarkin Sin Shunzhi a farkon 1653. Zanen wannan ganawa yana bangon Potala, kuma har yau ana ja-in-ja a kansa: masu jagorar baƙi na gwamnatin Sin suna nuna shi a matsayin mubaya'a, 'yan Tibet da ke gudun hijira suna cewa gaisuwar malami ce da mai ɗaukar nauyinsa. A zamaninsa ne kuma 'yan kasuwa Musulmi daga Kashmir, waɗanda 'yan ƙasar ke kira Kace, suka sami gindin zama a Lasa. Ya ba su fili a bayan gari suka yi masallaci da maƙabarta, ya bar su suna yanke hukunci a tsakaninsu bisa shari'arsu. Babban masallacin da ke gabas da Barkor, wanda aka fara ginawa a 1716, na Musulmin Hui ne da suka zo daga cikin Sin. Wanda ya je Lasa ranar Juma'a ba zai rasa sahu ba.

A 1679 Na Biyar ya naɗa Sangye Gyatso waziri. Ya sa aka rubuta takardar naɗin a bangon mashigar Farar Fada, ya dangwala tafukansa biyu a ƙasanta don kada wani ya yi musu. Maziyarci yana iya ganin tafukan har yanzu. Shekara 3 bayan haka maigida ya cika, wazirin ya tsinci kansa cikin tsaka mai wuya. Sarakunan Mongol ba gwamnatin Lasa suke wa biyayya ba, mutumin suke girmamawa. Galdan, sarkin Zungar, wanda ya taɓa zaman almajirci a Tibet, yana shirin karawa da sarki Kangxi na Sin, kuma sunan Na Biyar ne kaɗai makamin da Lasa ke da shi a tsakanin giwayen biyu. Magaji kuwa, ko an same shi gobe, jariri ne. Sangye ya ce marigayin ne da kansa ya yi wasiyyar a rufa asirin. Ya aika masu bincike a ɓoye, suka gano yaro a yankin Mon, wajen Tawang da ke hannun Indiya a yau, aka killace shi shekara da shekaru, ko iyayensa ba su san haƙiƙanin abin da ake ciki ba.

Daga 1690 zuwa 1694 aka gina Jar Fada. Dubban leburori suka yi aikin, tare da maƙera da masassaƙa da masu zane, har da waɗanda aka kawo daga Nepal da Sin. Ba don zama aka yi ta ba. Cibiyarta hubbare ne mai ratsa benaye da dama, an lulluɓe shi da zinariya fiye da kilo 3,700, an manna masa duwatsu masu daraja, a cikinsa kuma gawar Na Biyar ce da aka busar da gishiri. Gefensa babban zauren yamma ne, wanda aka cika bangonsa da zanen rayuwar marigayin tun daga haihuwa. Wato dai an yi shekara 4 ana gina kabarin mutumin da a hukumance yake raye. Hausawa na cewa ƙarya fure take ba ta 'ya'ya. Wannan kam ta yi 'ya'ya, ga su nan ana biyan kuɗi a gani.

Asiri ya tonu ne a fagen fama. A 1696 Kangxi ya ragargaza rundunar Galdan, ya kuma ji daga bakin fursunoni cewa Dalai Lama ya daɗe da mutuwa. Ya aika wa wazirin wasiƙa mai zafi. A 1697 aka yi shelar rasuwar, aka hau da yaron nan, Tsangyang Gyatso, kan karaga yana ɗan shekara 14.

Ana iya kiran Sangye Gyatso mayaudari, kuma sunan bai yi masa yawa ba. Amma a ganina ya hango raunin tsarin fiye da kowa. Sarautar da ake gado ta hanyar neman jariri tana barin giɓin kusan shekara 20 tsakanin mai mutuwa da mai girma, kuma a wannan giɓin ne kowane mai kwaɗayi ke cusa hannu. Jar Fada amsarsa ce ga wannan matsala: in wanda ya mutu yana nan zaune cikin zinariya a tsakiyar gida, ana kunna masa fitila dare da rana, to gidan bai taɓa zama babu mai shi ba. Mutum ne kuma mai ilimi. Ya rubuta manyan littattafai kan magani da lissafin taurari, a 1696 ya kafa makarantar likitanci a kan dutsen Cakpori da ke fuskantar Potala.

Yaron da ya ɓoye ne ya ba shi kunya. Na Shida ya ƙi zaman sufanci. Ya tara gashi, ya fi son harbin baka da abokai, da dare yakan sauka unguwar Shol da ke gindin dutse wajen masu sayar da giya, yana tsara waƙoƙin soyayya da har yau ake rerawa a Tibet. A 1702 ya je gaban wani babban malamin ɗariƙarsu, Panchen Lama, ya mayar da alkawarin sufancin da ya ɗauka. Lhazang Khan, wani daga zuriyar Gushri Khan, ya sami hujja. A 1705 aka kashe Sangye Gyatso, a 1706 aka tuɓe Na Shida aka nufi Bejin da shi, ya mutu a hanya kusa da tafkin Kokonor. Cikin hubbare 8 da ke Potala, daga na Biyar zuwa na Sha Uku, nasa ne kaɗai babu.

Abin da ya biyo baya ba daɗi. A 1717 mayaƙan Zungar suka shiga Lasa suka wawashe ta, har da fadar. A 1720 rundunar Kangxi ta kore su, ta rako Dalai Lama na Bakwai, kuma daga 1728 Bejin ta girke wakilanta na dindindin da ake kira amban. A 1751 aka kafa majalisar ministoci 4, Kashag, wadda ta ɗore har ƙarni na 20.

Daga nan Potala ta zauna daram a matsayin gidan gwamnati. Mai zuwa fada yakan hau doguwar matakalar dutse mai lanƙwasa ya iso farfajiyar gabas, inda ake raye-rayen ibada na ƙarshen shekara. Daga can akwai matakalar katako mai layi uku, na tsakiya Dalai Lama kaɗai ke taka shi. A ciki akwai babban zauren gabas inda ake naɗi, da makarantar horar da sufaye ma'aikatan gwamnati, da gidan sufaye na Namgyal masu yi wa fada ibada, da taskoki, da rumbunan littattafai. A ƙasa, cikin ganuwar Shol, akwai kurkuku da bargar dawaki da ofisoshi da gidan ɗab'i, inda aka sassaƙa allunan katako na buga Kangyur, tarin maganganun Buddha, aka kammala a 1934. Ofishin Kashag kuwa a harabar Jokang yake, cikin hayaniyar kasuwa.

Abin mamaki, masu gidan ba su cika son zama a cikinsa ba. Potala tana da sanyi da duhu, ga ƙaurin man shanun fitila da ya kama ko'ina. Na Bakwai, wanda ba shi da cikakkiyar lafiya, ya fara gina wurin hutu a wani lambu yamma da gari a tsakiyar shekarun 1750, wanda ya zama Norbulinka. Tun daga lokacin, duk bazara akan yi gagarumin jerin gwano a raka Dalai Lama can, sai sanyi ya shigo a dawo da shi kan dutse. Kuma da yawansu ba su daɗe ba ko a nan ko a can. Daga na Tara zuwa na Sha Biyu, babu wanda ya kai shekara 22. An yi ta raɗe-raɗin sammu da guba, tunda masu riƙon ƙwarya ne ke cin moriyar ƙuruciyarsu. Kowannensu dai ya sami hubbarensa. Kusan duk ƙarni na 19, matattu ne ke ƙaruwa a gidan.

A 1904, shekara ɗaya bayan Birtaniya ta ci Kano da Sakkwato, wata rundunarta ƙarƙashin Francis Younghusband da ta hauro daga Indiya ta nufi Lasa. A wani wuri mai suna Guru, manyan bindigoginta suka kashe ɗaruruwan 'yan Tibet masu riƙe da takubba da bindigogin gargajiya. Na Sha Uku, Thubten Gyatso, ya fice zuwa Mongoliya. Younghusband ya dage sai a cikin Potala za a sa hannu a yarjejeniya, haka kuwa aka yi ranar 7 ga Satumba. Shi ma ya fahimci abin da ginin yake nufi. A 1910 Na Sha Uku ya sake gudu, wannan karon zuwa Indiya, daga sojojin Sin. Da daular Manchu mai mulkin Sin ta faɗi ya dawo a farkon 1913, ya yi shelar cewa Tibet tana mulkin kanta. Ya gyara fadar, ya ƙara ɗakunan zama a saman Farar Fada. Ya rasu a ƙarshen 1933, kuma hubbarensa, wanda aka gama a 1936, shi ne babban ƙari na ƙarshe. A gabansa akwai wani abin sadaka da aka saƙa da lu'ulu'u kimanin 200,000. Da shi Potala ta cika siffar da ake gani yanzu: hawa 13, tsawon mita 117, ɗakuna fiye da 1,000.

Na Sha Huɗu, Tenzin Gyatso, an naɗa shi a zauren gabas a watan Fabrairun 1940 yana ɗan shekara 4. Ya sha ba da labarin yadda yake hawa rufi da madubin hange yana kallon fursunonin Shol da yaran gari, da yadda yake ɗokin ranar tafiya Norbulinka. A watan Oktoban 1950 sojojin Sin ta Kwaminis suka ci garin Chamdo, a 1951 aka sa hannu a yarjejeniya mai sharuɗɗa 17 a Bejin. Zaman doya da manja ya ci gaba har 10 ga Maris 1959, ranar da dubban mutane suka kewaye Norbulinka don tsoron za a sace shi. Daren 17 ga wata ya fita cikin kayan soja, ya nufi Indiya, inda yake zaune a Dharamsala har yau. Kwanaki kaɗan bayan fitarsa aka yi ruwan igwa a Lasa. Makarantar Cakpori ta zama toka, Potala ta sami 'yan raunuka amma ta tsaya.

A 1961 Bejin ta sa ta cikin jerin kayan tarihin da doka ta kare. Lokacin Juyin Al'adu, wanda ya fara a 1966, an farfasa kayan Jokang, an mai da Ganden kango, an rushe gidajen sufaye dubbai. Potala ta tsira, kuma akasari ana danganta hakan da umarnin firaminista Zhou Enlai. An yi mata babban gyara daga 1989 zuwa 1994, shekarar da hukumar UNESCO ta sa ta cikin kayan tarihin duniya. Jokang ya bi a 2000, Norbulinka a 2001. A tsakiyar shekarun 1990 aka tashi mazauna gaban dutsen aka shimfiɗa ƙaton fili. Tun kafin jirgin ƙasa ya iso Lasa a watan Yulin 2006, baƙi sun yi yawa har aka ƙayyade adadin masu shiga a rana, don katako da daɓen arga ba su san nauyin irin wannan taro ba.

Yau mai son shiga sai ya yanki tikiti tun da wuri, a ba shi sa'a, in ya makara ya rasa. Ɗan ƙasar waje kuma, ban da bizar Sin, sai da takardar izini ta musamman da ɗan jagora. A ciki ana ba shi kamar awa ɗaya, ba ɗaukar hoto, ya bi layi ta ƙananan ƙofofi yana haki. A layin zai ga irin mutane biyu. Akwai masu yawon buɗe ido da ke bin tutar ɗan jagora. Akwai kuma makiyaya da manoma da suka zo daga nesa, riƙe da filas ɗin narkakken man yak, wata irin saniyar tudu mai gashi, suna ɗiga shi a kowace fitila, suna cusa ƙananan kuɗi a jikin gilashi, suna dafa goshi a gindin hubbare. A waje, tun kafin rana ta fito, tsofaffi suna kewaya dutsen ta hannun dama suna juya 'yan gangunan addu'a. Bayan damina kuma, kowace shekara, mutanen gari kan fito aikin gayya na shafe bango, suna kawo madara da sukari da zuma a zuba cikin farar ƙasa, wasu na jido bokiti, wasu na rataye da igiya suna fesawa.

Gwamnatin Sin tana cewa ta 'yantar da talakawa daga bautar masu filaye da gidajen sufaye, ta kuma kashe maƙudan kuɗi ta adana gadonsu. Aikin tilas da kurkukun Shol gaskiya ne, kuɗin gyara ma gaskiya ne. Amma gaskiya ne kuma cewa a gidan da ke cike da siffofin Dalai Lama iri-iri, hoton wanda ke raye haramun ne, kuma mutanen da ke zube a ƙasa gaban fadar ba ginin suke gaisarwa ba.

Giɓin nan da ya hana Sangye Gyatso barci yana nan tafe. Na Sha Huɗu ya ajiye ikon siyasa a 2011, ya miƙa shi ga zaɓaɓɓen shugaban 'yan gudun hijira. A watan Yulin 2025, da zai cika shekara 90, ya bayyana cewa silsilar za ta ci gaba, kuma ofishinsa ne kaɗai ke da hurumin nemo magaji. Bejin kuwa tun 2007 ta yi dokar cewa babu wanda za a amince da shi a irin wannan matsayi sai da yardarta, tana kafa hujja da tulun zinariyar da sarki Qianlong na Sin ya kawo tsarinsa a 1793 don jefa ƙuri'a tsakanin yara. An riga an ga gwajin abin a 1995. Dalai Lama ya ambaci wani yaro ɗan shekara 6, Gedhun Choekyi Nyima, a matsayin Panchen Lama. Hukuma ta ɗauke shi, ba a sake ganinsa a bainar jama'a ba, sannan aka jefa ƙuri'a a Jokang aka fito da wani. In aka maimaita haka, yara biyu za a samu, kuma wanda Bejin ta zaɓa ne za a hau da shi matakalar tsakiya a zaunar a zauren gabas.